Wa Ya Gaya Miki Zancen Gyalen?

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano

'Yata Nafisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sa kin shiga Abuja da ƙafar dama, Ya tsare min ke a masauki da kan hanya da wurin aiki, Ya raba ki da mugun ji da mugun gani. Mu nan sai godiya. Labarin gida ba zan ba ki ba, wannan kya ji a waya. Abin da ya sa na ɗauki biro, na san halinki ne: da zarar na taɓo maganar da ba kya so, sai ki ce netiwok ya ɗauke. To, takarda dai ba ruwanta da netiwok. Na cusa ta cikin akwatin sauran kayanki da Kawunki Lawan zai kai tasha, a ƙarƙashin robar yaji, inda na san hannunki zai fara zuwa.

Na karanta littafin. Kuma kada ki ɗauka ban ga dabarar da kika yi ba. Kin yi makonni kina haɗa kaya a gabana ba ki ce uffan ba, sai ranar tafiya, mai adaidaita yana ta danna hon a ƙofar gida, sannan kika miƙo min shi a leda, wai samfurin littafin yara ne da kika rubuta, mutanen da suka ɗauke ki aiki suna son bugawa, amma ba za ki ba su izini ba sai na amince. Kafin in lalubo tabarauna kin kai bakin titi. Tun a nan na sha jinin jikina. Da abin daɗi ne a ciki, ai da kin zauna kin ga fuskata ina karantawa.

Na tsufa a aikin koyarwa a firamare, na san littafin yara. Zomo ne da kura, ko kuwa yaro mai wanke hannu kafin cin abinci, babansa yana dawowa da yamma riƙe da burodi. Na buɗe naki ina jiran zomo, sai na ga tsakar gida irin tamu, da wata yarinya, da ubanta da barci ya ƙaurace wa, yana magana shi kaɗai, yana cewa ana kiran sunansa a rediyo. Kin canza sunaye, an gode miki. Amma duk wanda ya taɓa shan ruwa a gidan nan zai gane cewa yayanki ne wannan, yarinyar kuma 'yarsa ce Ummi, takwarata. Duk wannan na shanye. Abin da na kasa shanyewa shi ne shafin da aka ɗaure hannuwan uban da koren gyale mai ratsin fari, kuma kakar yarinyar ce ta yi ƙullin ƙarshe.

Nafisa, wa ya gaya miki zancen gyalen?

Ba kya nan ranar, kina Zariya kina jarrabawa. Bari in faɗa miki yadda aka yi, tunda ban taɓa faɗa ba. Da hantsi ne, bara waccan. Yayanki ya yi kwanaki bai runtsa ba, ranar kuma ya farfasa kayan gyaran wayarsa, ya ɗauki taɓarya ya tsaya a tsakar gida yana cewa ba mai shigowa. Na kama hannun Ummi na kai ta gidan maƙwabciyarmu Maman Joy, na ce ta kunna mata katun. Kawunki Lawan ya zo da mota don a kai shi asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa. Ya lallashe shi har ya ajiye taɓaryar, amma ya ce atafau ba zai shiga mota ba. Suka kama kokawa. Babu igiya a kusa, sai na cire gyalen da ke kafaɗata na miƙa. Lawan ya naɗe masa hannuwa, ni na ƙulla. Daga ni sai Lawan sai Hauwa matar yayanki ne a gidan. A asibiti na baro gyalen nan don ba na son sake ganinsa, kuma ban taɓa ambata shi ga ɗan Adam ba. Yau ga shi a littafi, har da ratsinsa.

Da na kira ki na tambaye ki, kika ce kin yi alkawari ba za ki faɗa ba, daga nan netiwok ya ɗauke. Kin san halin da kika jefa ni? Ni ba kunyar ciwo nake ji ba, ciwo Allah ne Yake ɗora shi. Ummi nake ji. Unguwa ta san ubanta ya yi rashin lafiya, amma ba ta san an ɗaure shi ba. Gobe yarinyar nan za ta isa aure, masu bincike za su zo su zauna a shagon bakin layi su tambayi asalinta, wani ya ce ai ita ce wadda aka ɗaure ubanta, har a littafi ma akwai. Kafin a kai can ma, wata ƙawarta a Islamiyya za ta iya kawo mata littafin ta ce, ga gidanku. Ita kuwa abin da aka gaya mata, Abbanta yana Fatakwal yana aiki. Shi ya sa na ce sai na gano bakin da maganar ta fita kafin in ce miki e ko a'a.

Waɗanda na fara zargi mutanen da suka ɗauke ki aiki ne, kuma har yanzu ban gama wanke su ba. Me ya sa suke son labarin hawaye? Wa zai karanta, 'ya'yanmu ko wasu can da ba su taɓa taka Kano ba? Ina da dalili. Lokacin ina riƙe da aji uku, wasu baƙi sun taɓa zuwa makarantarmu da murmushi da kyamara, suka ce za su taimaka da littattafai. Ni da kaina na jera musu yara. Suka ce a ware masu yagaggiyar riga a sa su a gaba, na ware, ban tambayi dalili ba, don sun kira ni Malama cikin ladabi kuma sun yaba rubutuna a allo. Bayan wani lokaci sai ga hoton a jikin wata kalanda, an rubuta a ƙasa wai yaran da ba su da gata. Uwar ɗaya daga cikinsu, matar wani tela, ta zo har ƙofar aji ta tambaye ni ko ni na ce musu 'yarta ba ta da gata. Rigar nan a ƙusar benci ta yage da safen ranar. To ke ma za a yabe ki, za a ce kin yi jarumta da kika taɓo abin da ake ɓoyewa. Idan aka fara yabon ki bari ya wuce tukuna, sannan ki tambayi inda za a kai littafin da waɗanda za su gani, kuma kada ki yarda wani ya ce zai zo ɗaukar hoton ƙofar gidan nan ko na yarinyar. Sai dai da na zauna na yi tunani, na ga su dai ba su san gyalena ba. Daga cikin gida maganar ta fita.

A nan dole in tuna miki abin da na yi bayan an kai shi asibiti, don shi ne ya ƙulle bakin kowa. Da Ummi ta tambayi Abbanta, bakina ya riga tunanina, na ce ya tafi Fatakwal aiki. Na ɗauka maganar 'yan kwanaki ce. Ya yi watanni a asibiti aka sallamo shi, magani ya sa ya yi ƙiba, maganarsa ta yi nauyi, hannunsa yana karkarwa. Na dube shi na ce yarinya ba za ta ga ubanta haka ba, a bari ya ƙara warwarewa. Lawan ya ɗauke shi ya riƙe a gidansa da ke Babban Giji, nan kusa da mu. Ni kuwa na ci gaba da kiwon Fatakwal. Kowace salla sai in je wani shago a titin Gidan Zu in sayo takalmi da ɗan kunne, in canza leda, in ce Abba ya aiko da tsaraba. Ta karɓa da hannu biyu ta ce Allah Ya saka da alheri, ta kai ɗaki ta ajiye, ni ina murna wai na samu jika mai tattali. Sannan na tara ku, ke da Hauwa da Lawan, na ce duk wanda ya gaya mata gaskiya ban yafe ba. Kin tuna kin buɗe baki za ki yi magana na ce ki rufe min shi. Shawarata a nan gajera ce. Ƙaryar da aka yi wa yaro ba ta zama inda aka ajiye ta, kullum sai an nemo mata abin da za ta ci. Idan wata rana yaro ya tambaye ki abin da ya fi ƙarfin bakinki, ki ce ya ba ki zuwa anjima, kada ki ƙirƙiro masa gari.

Lawan ban ɓata lokaci a kansa ba. Mutumin da ko gaisuwa sai an jawo ta daga bakinsa, na tambaye shi ya dube ni ya ce shi launin gyalen ma bai riƙe ba. Saura Hauwa. Kin san tun bayan abin ta koma gidan iyayenta a Darmanawa, ta bar min Ummi saboda makaranta, tana zuwa ganinta ƙarshen mako. Na ce lallai ita ce, haushin na hana ta magana ne ya sa ta biyo ta bayan fage ta sa ki rubutu. Na yafa mayafi na hau adaidaita, duk hanya ina jera abin da zan faɗa. Na shiga, uwarta ta shimfiɗa min tabarma, aka kawo ruwa, ban ko taɓa kofin ba na fara. Na ce ta tona mana asiri, na ce ba ta tausayin 'yarta. Ta bar ni na kai aya, hawaye yana zuba ba ta share ba, sannan ta ce, "Hajiya, 'yar da na haifa kuka hana ni gaya wa, na yi shiru. Kullum ta dube ni sai in kawar da kai. Shi ne zan kwashe in kai wa Nafisa?" Ta ƙara da cewa ita da aka fara kokawa ɗaki ta shige ta toshe kunnuwa, ba ta ma san da me aka ɗaure shi ba sai yau da na faɗa. Wato da bakina na kai mata abin da Allah Ya ɓoye mata, kuma a gaban uwarta.

Na fito, ko sallama ban yi wa uwarta ba. Nafisa, kin gaji zafin kaina, na sani, saboda haka ki saurara. Idan zargi ya kama ki, kada ki hau mota da shi a ranar. Ki ci abinci, ki kwana, in kin je kuma ki fara da tambaya. Ni ban yi haka ba, sai da na koma washegari na ba Hauwa haƙuri, ni da furfurata.

Saura wa? Na koma kallon kowa a layin nan da wutsiyar ido. Mai shago ya gaishe ni, na ce me ya ji. Ɗan garuwa ya daɗe yana juye jarka, na zo na tsaya a kansa. Har katangarmu na bi na duba ko akwai kafar leƙe, Allah na tuba. Daga ƙarshe na ce bari in taɓa Maman Joy, tunda katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma ku biyun kun cika zama a shagon ɗinkinta kuna ƙus-ƙus. Wannan karon na yi hankali. Na ɗauki tsohuwar riga wai a rage min hannu, muka yi ta hira, sannan na ce, ranar nan da na kawo miki Ummi kin ji hayaniya sosai ko? Ta ce ta ji, har ta ƙara ƙarar talabijin. Sai ta tsayar da keken ta juyo, da Hausar nan tata da ta fi ta wasu 'yan Kanon, ta ce, "Amma Hajiya, ai Ummi ba ta zauna ba. Kina juya baya ta ce ta manto 'yar tsanarta, ta fita da gudu. Sai bayan motar ta tashi ta dawo, ba 'yar tsana, ta zauna wuri ɗaya har azahar. Na ɗauka kin sani."

Ban san yadda na dawo gida ba, rigar ma can na baro ta. Na sake buɗe shafin nan. Da farko na yi ta mitar mai zanen, na ce rago ne, bai zana fuskar kowa ba, daga ƙafafu sai gwiwoyi sai hannuwan da aka ɗaure. Ga takalmin Lawan, ga ƙafata ba takalmi. A gefe kuma akwai wani shuɗin abu da ya tare kusan rabin shafin. Na fita tsakar gida na dubi shuɗin duron ruwanmu da ke lungun ƙofa. Na tattare zani, da gwiwoyin nan nawa masu ƙara, na tsuguna a bayansa. Nafisa, daga nan abin da ake gani ke nan, ƙafafu da hannuwa.

Ummi ta dawo daga Islamiyya da yamma ta same ni a kan tabarma da littafin a cinya. Ta dube shi, ta dube ni, ta ajiye jakarta a hankali. A nan na gane ba yau ta fara ganinsa ba. Na ce ta zo ta zauna. Na so in fara da dabara irin ta malamai, in zagayo daga nesa, amma sai na tafi kai tsaye. Na ce, ke kika ba Antinki labarin nan? Ta gyaɗa kai. Na ce me ya sa ba ki gaya min ba? Ta ce wai ta ga ina shan wahala wajen zuwa sayo takalman, kuma duk ranar da na ambaci Fatakwal idona yana yin ja, shi ya sa take karɓa don kada in yi kuka. Ta ce ita ce ta roƙe ki ki rubuta, don ta lura na fi yarda da abin da ke cikin littafi. Ki ji fa, 'yar shekara takwas. Ni da nake ganin ina lallaɓa ta, ashe ita ce take lallaɓa ni tun tuni.

Na ɗauka an gama, na jawo ta jikina. Sai ta ce a ƙirjina, can ƙasa-ƙasa, "Hajiya, an kwance shi kuwa?"

Na ce me kika ce? Ta ce ai gyalen bai dawo ba. Tun ranar take duba akwatina idan na shiga wanka, tana duba igiyar shanya, tana kallon kafaɗata duk ranar da zan fita unguwa. Ta ce da an kwance shi da na dawo da gyalena. Wannan ba ta gaya miki ba, na tabbata, don da kin ji da ba ki iya tafiya ba. Tun bara waccan yarinyar nan take kwana tana tashi da ubanta a ɗaure a cikin ranta, ni kuwa ina can ina zaɓar mata launin takalmi. Na yi kuka, Nafisa, irin wanda ban yi ba ko ranar rasuwar mahaifinku. Na ce mata ana isa asibiti aka kwance shi, na rantse mata. Ta yi min irin kallon da nake yi wa yaron da ya ce akuya ta cinye masa littafi. Kuma tana da gaskiya, tunda mai zancen Fatakwal ce take rantsuwar.

Washegari Lahadi ce, na ce ta sa hijabinta. Ba mu hau adaidaita ba, da ƙafa muka tafi, don ina so ta ga nisan Fatakwal ɗin da idonta. Ban kai ga neman wurin hutawa ba muka isa Babban Giji. Mun sami yayanki a zaure, Lawan ya tara masa tsofaffin wayoyi yana gwada hannu, ɗan sukundireban yana ta zame masa saboda karkarwa. Ya ɗago ya gan mu. Ummi ba ta ruga ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, idonta ba a fuskarsa yake ba, a wuyan hannunsa yake. Sai da ta gama dubawa sannan ta cire takalmi ta shiga, ta durƙusa ta ce Abba ina kwana. Ya ce Ummina, kin yi tsawo. Ta zauna a gefensa ta danne masa wayar da hannu don kada ta motsa, ya ci gaba da aikinsa. Babu wanda ya yi kuka a cikinsu, ni ce dai na juya baya ina ta gyaran mayafi.

Da Lawan ya ja ta cikin gida ta gaida matarsa, sai yayanki ya ce min, da maganar nan tasa mai nauyi, bai ko ɗago ba, "Hajiya, ta daina jin tsorona ke nan?"

Na ce wa ya ce tana jin tsoronka? Ya ce ba wanda ya faɗa. Shi dai ya ga kowa yana zuwa ban da ita, in ya tambaya sai a ce tana makaranta, sai ya ɗauka ita ce ta ce ba za ta zo ba. Shi ya sa ya daina tambaya, don kada a tilasta mata. Na zauna a kan benci kusa da shi har aka kawo shayi ya huce.

To ga amsata. Da farko, na janye kalmar nan da na rufe muku baki da ita. Na yafe, duniya da lahira, ku ma ku yafe min. Kuma idan Allah Ya ba ki 'ya'ya, kada ki riƙa zaro "ban yafe ba" don ki toshe bakin mai son faɗa miki gaskiya. Ni na zaro ta, ga shi ta sa 'yata ta rasa hanyar yi min magana sai ta cikin littafin yara.

Littafin kuma a buga. Kada ki ɗauka tsoron masu bincike ya sake ni, yana nan. Amma na tambayi yayanki, don labarinsa ne kafin ya zama naki, kuma ke ya kamata ki fara tambayarsa, wannan kuskurenki ne. Na karanta masa tun daga farko, ya saurara, ya ce a buga, ba shi kaɗai ne mai ciwon da yake da 'ya ba. Hauwa ma ta amince. Sai dai ki canza tsarin gidan, ki canza launin gyalen, ki ba uban wata sana'a daban, kuma kada sunan unguwar nan ya fito ko a bango. Idan wani a wurin aikinku ya matsa da tambayar ko labarin gaske ne, ki dube shi da kyau ki riƙe fuskarsa, sannan ki ce labari ne.

Sai shafin ƙarshe. Ban yarda da shi ba ko kaɗan, kuma ina zargin ba ke kika so shi haka ba, mutanen naki ne suka ce a ƙare da daɗi. Kin sa uban ya dawo gida garau, da sabuwar shadda, ya ɗaga 'yarsa sama kowa yana tafi. Yaron da ubansa yake shan magani zai karanta ya ce to nawa me ya sa bai warke haka ba, ya fara neman laifin a jikin kansa. Ki cire. Ki rubuta cewa uban yana shan maganinsa safe da yamma, hannunsa yana rawa, wata rana yana hira wata rana ba ya yi, kuma ana kai masa 'yarsa. Sannan ga abin da na fi so ki ji. Tun a shafin da ke bin na ɗaurin, ba sai can ƙarshe ba, ki nuna an kwance shi. Ki sa a zana hannuwan nan a sake, manya, a tsakiyar shafi, yadda yaron da bai iya karatu ba ma zai gani. In sun ce wannan ya ɓata musu tsari, ki karɓo littafinki ki dawo gida, tuwonki yana nan.

Allah Ya tsare min ke daga sharrin mai murmushi da mai ɗaure fuska, Ya haɗa ki da abokan zama na gari, Ya sa albarka a alƙalaminki, Ya ba yayanki lafiya mai ɗorewa, Ya raya mana Ummi. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki kulle ƙofarki, kada ki ci abin da ba ki ga inda aka dafa ba. Na ba wa Allah ajiyarki, Ya dawo min da ke lafiya, amin.

Wassalam,
Mahaifiyarki